An koya wa maniyyata adadin tsakuwa, saura dalilin jifa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan aikin hajji, yanzu da maniyyata suka duƙufa wajen shirin tafiya ƙasa mai tsarki.

Makon da ya gabata na raka yayata, wadda muke kira Adda, wurin bitar maniyyata a nan Gombe. Ta haura shekara 60, mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, kuɗin kujerarta kuwa da adashi da kiwon tumaki ta tara su cikin shekaru masu yawa, sannan 'ya'yan suka cika mata abin da ya rage. Mun zauna daga hantsi har azahar, kuma malaman bita sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun nuna yadda ake ɗaura harami, sun kafa akwati lulluɓe da baƙin yadi a tsakiyar fili aka zagaya shi sau 7, sun faɗi adadin tsakuwar jifa, wato 49 ga wanda ya bar Mina da wuri da 70 ga wanda ya ƙara kwana. Jami'ai kuma suka yi bayani a kan fasfo da allurar rigakafi da nauyin jaka, har da gargaɗi a kan goro.

Muna hanyar komawa gida sai ta ce da ni, "Malam, lissafin tsakuwar dai na riƙe shi. Amma shi Shaiɗan ɗin yana cikin ginin ne? In ba ya ciki, to me muke jifa?" Ni da na sauke farali tun 2011, na kuma yi shekara 35 ina riƙe da alli a gaban ɗalibai, sai na ji bakina ya yi nauyi. Na ce, "Adda, bari mu isa gida." Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba na ganin laifin malaman bita, domin lokacin da aka ba su kaɗan ne, mutanen da ke gabansu kuma da yawa ba su taɓa shiga jirgi ba, wasu ma ba su taɓa wuce Bauchi ba. Dole ne a fara da abin da idan aka bar shi hajji ya ɓaci. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta rukunan hajji 4 ne, wato harama da tsayuwar Arfa da ɗawafin ifada da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, kuma duk wanda ya karanta babin hajji a zauren malaminsa ya san cewa wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu yanka ba ya gyara masa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ce a koyi ayyukan hajji daga gare shi. Sai dai Alƙur'anin da ya wajabta aikin bai bar mu da siffarsa kaɗai ba. A aya ta 37 ta Suratul Hajji, da Allah Maɗaukaki ya zo kan dabbobin hadaya, sai ya ce namansu da jininsu ba sa isa gare shi, taƙawar masu yankan ce take isa gare shi. A aya ta 197 ta Suratul Baƙara kuma, bayan ya hana batsa da fasiƙanci da jayayya a lokacin hajji, sai ya ce a yi guzuri, amma mafi alherin guzuri shi ne taƙawa. Mu kuwa idan aka ambaci guzuri a yau, abin da ke faɗo wa maniyyaci a rai shi ne dala nawa za a ba shi.

Ina yawan tunanin mutanen da suka riga mu bin wannan hanya. Ƙanen kakana ya bar ƙauyenmu a ƙasar Nafada da ƙafa, shi da matarsa da jaki guda, tun kafin a haifi mahaifina. Suka bi ta Borno, suka ratsa ƙasar Chadi ta Abashe, suka shiga Darfur, suna tafe suna yada zango su yi ƙodago ko noma domin su sami na gaba, har suka kai gonakin auduga na Jazira a Sudan, inda suka yi damina da dama kafin su tara kuɗin jirgin ruwan da zai ƙetare da su Bahar Maliya zuwa Jidda. Bayan shekara 7 ya dawo shi kaɗai, ya baro kabarin matar a Sudan. Irinsa dubbai ne, waɗansu ba su kai ba, waɗansu sun kai ba su dawo ba, zuriyarsu tana can a Sudan da Saudiyya har yau suna jin Hausa da Fulatanci. Mu mutanen Gombe ma ba sai an kai mu nesa ba, domin a Bormi, cikin ƙasar Funakaye ta yau, Turawan Ingila suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903, yana kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato. A nan ya yi shahada tare da jama'a mai yawa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ci gaba da waɗanda suka rage har suka zauna a bakin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, duk da begen Annabi (SAW) da Madina da ya bayyana a waƙoƙinsa, Allah bai nufe shi da zuwa ba. Ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, amma ya komo gida saboda ba shi da iznin mahaifinsa na wucewa Makka.

Babu mai yin tafiyar shekara 7 da ƙafa domin a kira shi Alhaji ko domin tsaraba. Kira suka ji, wanda Allah ya umarci Annabi Ibrahim ya yi a aya ta 27 ta Suratul Hajji, cewa ya yi wa mutane shelar hajji, za su zo masa da ƙafa da kuma a kan ramammun raƙuma daga kowace hanya mai nisa. Yau daga filin jirgin Lawanti zuwa Madina ko Jidda sa'o'i kaɗan ne, wannan kuwa ni'ima ce da ta wajaba a gode mata. Amma doguwar hanya tana da aikin da take yi wa zuciya wanda jirgi ba ya yi, domin yunwa da baƙunta da binne abokan tafiya suna sassaƙe mutum a hankali, har ya isa miƙati, wurin ɗaukar harama, ya riga ya san shi ba kowa ba ne. Wanda ya karya kumallo a Gombe ya yi sallar lisha a Madina da halinsa na gida gaba ɗaya yake sauka, saboda haka ya fi kakanninsa bukatar a zauna da shi a gaya masa ma'anar abin da zai yi.

Tun daga gida hajji yake farawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu sun bar mana al'ada mai kyau, wadda maniyyaci yake bin dangi da maƙwabta da abokan hulɗa gida-gida yana neman yafiya, ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya, domin ana ɗaukar mai tafiya Makka a matsayin wanda ba lalle ne ya dawo ba. Yanzu abin ya koma saƙon waya guda da ake aika wa mutum 100 a lokaci ɗaya, wai duk wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, alhali mai saƙon ya san sarai wanda ya cinye wa gado, da wanda ya ci wa iyakar gona, da leburan da bai biya haƙƙin guminsa ba. Gaskiya ne hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya yi hajji domin Allah, bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba, zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi, amma malamai da yawa sun yi bayani cewa haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da wannan, sai an mayar ko mai shi ya yafe da daɗin rai. Haka kuma batun kuɗin kujera. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi doguwar tafiya, gashinsa ya cukuikuye, jikinsa ya yi ƙura, yana ɗaga hannu sama yana cewa ya Ubangiji, ya Ubangiji, alhali cinsa haram, shansa haram, tufarsa haram, to ta yaya za a amsa masa? Duk lokacin da na karanta wannan hadisi, siffar alhaji a yammacin Arfa nake gani. Kujerar 2025 ta haura naira miliyan 8, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata, don haka ya kamata kowane maniyyaci ya keɓe ya tambayi kansa inda nasa miliyoyin suka fito, tun kafin a tambaye shi a wurin da ba a iya ƙarya.

Mafi yawan alhazanmu Madina ake fara kai su, saboda haka a Zulhulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, suke ɗaukar harama, inda Annabi (SAW) ya ɗauka. A nan namiji yake tuɓe babbar riga da wando da hula da rawani, ya ɗaura fararen ƙyallaye biyu marasa ɗinki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan suturar mamaci ya san abin da wannan ya yi kama da shi, ni kam ranar da na ɗaura nawa mahaifina na tuna, da yadda muka naɗe shi a likkafani. A ƙasarmu tufa ce take faɗin matsayin mutum tun bai buɗe baki ba, ana gane basarake da rawaninsa, attajiri da shaddarsa, talaka da tsummansa. Harami yana rufe bakin tufa gaba ɗaya. Sannan a hana mutum turare da aski da yanke farce da farauta da kusantar iyali, har ya zama wanda ya saba ba da umarni a ofis ba shi da ikon tsige gashi ɗaya daga jikinsa. Abin da ya rage masa sai Labbaika, wato na amsa kiranka, amsawa bayan amsawa, irin wadda bawa yake yi idan ubangidansa ya kira shi.

Ƙuraishawa kafin Musulunci suna ganin su ne mutanen Haramin Makka, sun fi ƙarfin su fita zuwa Arfa tare da sauran Larabawa, sai su tsaya a Muzdalifa, har aya ta 199 ta Suratul Baƙara ta sauka ta umarce su da su kwararo daga inda mutane suke kwararowa. Nakan tuna wannan aya idan na ga yadda ake rububin tanti na musamman a Mina. Ban ce haramun ne mai hali ya biya kuɗin wuri mai sauƙi ba, musamman tsoho ko marar lafiya. Abin da nake jin tsoro shi ne mutum ya tuɓe rigar ya bar girman kan da ke cikinta a jikinsa, har a ji shi cikin harami yana tambayar ɗan'uwansa ko ya san shi wane ne.

Da muka isa gida ban fara wa Adda da jifa ba, da Safa da Marwa na fara, domin na san a nan za ta ga kanta. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas yadda Annabi Ibrahim ya kai Nana Hajara da jaririnta Isma'ila wani kwari da babu shuka, babu ruwa, babu mutum, ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambayarsa inda za shi ya bar su, bai waiwayo ba, sai ta tambaye shi ko Allah ne ya umarce shi da haka. Ya ce i. Ta ce to, ba zai tozarta su ba. Abin lura shi ne bayan wannan magana ta tawakkali ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Da ruwa ya ƙare ta hau Safa ta duba, ta sauko ta yi gudu a cikin kwarin, ta hau Marwa ta duba, har sau 7, kuma Zamzam bai ɓuɓɓugo a kan Safa ko Marwa inda ta sha wahala ba, can wajen yaron Allah ya fito da shi. Tsakanin duwatsun biyu kimanin mita 450 ne, wato sa'ayi gaba ɗaya ya ɗan haura kilomita 3, yau kuma a ƙarƙashin rufi ake yin sa a kan daɓe mai sanyi. Allah ya ɗauki kai-komon uwa mai neman wa ɗanta ruwa ya mayar da shi rukuni, sarki da malami da jarumi duk sai sun bi sawunta, in ba haka ba hajjinsu bai cika ba. Na ce, "Adda, shekarun da kika yi kina tuyar ƙosai da asuba domin yaran nan su je makaranta, irin wannan kai-komo ne. Idan kin hau Safa ki tuna wadda ta riga ki." Ta yi shiru, ta share ido da gefen mayafi. A garuruwan da ake barin mata masu marayu su ji da kansu, ya kamata mazan da suka yi sa'ayi su dawo suna kallon irin waɗannan mata da wani ido dabam.

Ba zan tsawaita a kan ɗawafi ba, domin wanda ya taɓa ɗora ido a kan Ka'aba ya san abin da ya ji, wanda bai gani ba kuwa gani ya kori ji. Abu ɗaya zan ambata, wato waɗanda suka ɗaukaka harsashin Ɗakin, Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila, suna cikin aikin suna roƙon Allah ya karɓa daga gare su, kamar yadda aya ta 127 ta Suratul Baƙara ta faɗa. Annabawa suna gina Ɗakin Allah da umarninsa suna kuma fargabar karɓa, balle mai zagaya shi.

Annabi (SAW) ya ce hajji Arfa ne. Abin mamaki, Arfa fili ne kawai, kimanin kilomita 20 daga Makka, yana ma wajen iyakar Harami, babu ɗakin da ake zagayawa, babu dutsen da ake sumbata, ba a kuma wajabta wani karatu na musamman ba. Ana haɗa azahar da la'asar a yi musu ƙasaru, sai a bar bawa da Ubangijinsa har rana ta faɗi. Hawan dutsen da ake kira Jabalur Rahma ma ba sharaɗi ba ne, domin Annabi (SAW) ya ce shi a nan ya tsaya amma Arfa dukkanta wurin tsayuwa ce. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa babu ranar da Allah yake 'yanta bayi daga wuta kamar ranar Arfa.

A nan zan faɗi laifin kaina, ko wani ya amfana. Shekarar da na je, abincin rana ya makara a tantinmu, da ya zo kuma bai isa ba, sai ga ni cikin masu ɗaga murya, a ganina haƙƙin jama'a nake karewa. Na yi ta musu da masu rabo, daga nan muka zauna muna lissafin yadda aka cuce mu da wanda za mu kai wa ƙara, ban farga ba sai da na ga inuwa ta yi tsawo. Da na zagaya bayan tanti sai na tarar da wani dattijo manomi daga wajen Dukku, wanda karatunsa bai wuce Fatiha da 'yan gajerun surori ba, yana tsaye ya fuskanci alƙibla, hawaye ya jiƙa masa gemu, yana roƙo da Fulatanci, yana ambaton iyayensa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Bai ci abincin ba, bai ma san an yi rigima ba. Ni da na san ayar da ta hana jayayya a hajji, har nakan koyar da ita, na sayar da awa 2 daga yinin da na yi shekaru ina tara kuɗi dominsa a kan farantin shinkafa. Har yau idan aka kira ni Alhaji wannan dattijo nake tunawa.

A wannan fili Annabi (SAW) ya yi huɗubar ban kwana a shekara ta 10 bayan hijira, a hajji ɗaya tak da ya yi bayan ƙaurarsa zuwa Madina, kimanin wata 3 kafin wafatinsa. Abin da ya zaɓa ya gaya wa wannan taro, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, shi ne jininsu da dukiyoyinsu haramun ne a tsakaninsu kamar alfarmar wannan rana a wannan wata a wannan gari. Ya soke ramuwar jinin jahiliyya ya fara da jinin gidansu, ya soke riba ya fara da ta baffansa Abbas, ya kuma yi wasiyya a ji tsoron Allah game da mata. Ke nan a tsakiyar ibadar da ta fi kowace tara Musulmi, maganar haƙƙin mutane aka yi. Najeriya ta yi shekaru tana samun kujeru har 95,000, kuma da kowane alhaji yana dawowa da wannan huɗuba a ƙirjinsa, da mudu ya cika a kasuwar hatsi, da marayu sun ga gadonsu, da an rage jinin da ake zubarwa tsakanin manomi da makiyayi waɗanda alƙiblarsu ɗaya.

Sai jifa. Abin da na gaya wa Adda shi ne Shaiɗan ba ya cikin ginin, tsakuwa kuma ba ta yi masa rauni. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa a waɗannan wurare ne Shaiɗan ya bijiro wa Annabi Ibrahim, shi kuma ya jefe shi da tsakuwa 7 a kowane wuri. Mu sawun Annabi Ibrahim da Annabinmu muke bi, muna kabbara da kowace tsakuwa, an kuma ruwaito ta hanyar Nana A'isha cewa ɗawafi da sa'ayi da jifa an sanya su ne domin tsayar da ambaton Allah. Sayyidina Umar ya bar mana ma'auni a gaban Hajarul Aswad, da ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Manzon Allah ya sumbace shi ba da bai sumbace shi ba. A cikin hajji akwai abin da hankali yake gano hikimarsa, akwai kuma wanda hikimarsa ita ce bawa ya yi abin da aka ce ya yi domin wanda ya ce, kamar yadda Annabi Ibrahim ya kwantar da ɗansa a wannan kwari na Mina bai nemi dalili ba. Da aka tsinto wa Annabi (SAW) tsakuwa 'yan ƙanana, sai ya ce da irin waɗannan za a yi jifa, ya kuma yi gargaɗi a kan wuce iyaka a addini. Amma da idona na ga alhazai, namu da na waɗansu ƙasashe, suna jifa da takalmi da lema, suna zagi, wani yana cewa kai ka raba ni da matata. An bar jaki ana dukan taiki. Mai jifan da ya san abin da yake yi, da kowace kabbara alkawari yake sabuntawa cewa ya raba gari da waswasin da ya saba bi, ko rantsuwar ƙarya a ciniki ce, ko gulma, ko gaba da ɗan'uwa, yana kuma sane cewa wanda ya kamata ya ji tsoro yana can yana jiransa a shagonsa da ofishinsa.

Wannan fahimta tana da amfani har ga tsaron rai. Da Annabi (SAW) ya taso daga Arfa ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, sai ya yi nuni da bulalarsa ya ce mutane su natsu, domin aikin alheri ba ya cikin gaggawa. Ba mu manta da turmutsitsin Mina na 2015 ba, wanda ya ci 'yan Najeriya fiye da 200, Allah ya karɓi shahadarsu, kuma ba laifi nake ɗora musu ba, domin wanda taro ya matse ba shi da zaɓi. Nufina shi ne wanda ya gane cewa bangaje tsohuwa domin ya taɓa Hajarul Aswad aikata haram ne wajen neman sunna, shi zai fi sauƙin haƙuri da lokutan jifa da ake tsara wa kowace tawaga.

A dawowa ake gane abin da aka samo. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi hajjinsa a kan tsohon sirdi da wani mayafi da kuɗinsa bai wuce dirhami 4 ba, yana roƙon Allah ya sanya shi hajjin da babu riya babu neman suna a cikinsa. Idan shi ya roƙi haka, ina ga mu? Ba mu taɓa jin an ce Alhaji Abubakar Siddiƙu ba, alhali shi ya jagoranci hajjin shekara ta 9. Ba yaƙi nake yi da laƙabin ba, domin a zamanin ƙanen kakana girmamawa ce ga wanda ya sha wuya, yau ma ladabi ne a bakin mai faɗa. Damuwata tana kan wanda yake ɓata rai idan an manta ba a faɗa ba, da kuma kwanakin ƙarshe a Makka da ake ƙarar da su tsakanin kasuwa da wurin sa haƙori da awon kaya, alhali salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi salla 100,000 a waninsa. Tsaraba ba laifi ba ce, dabino da zamzam da carbi suna faranta ran dangi, aya ta 198 ta Suratul Baƙara ma ta halatta neman falalar Allah ta hanyar ciniki a lokacin hajji. Amma aya ta 200 ta ce idan an ƙare ayyukan hajji a ambaci Allah kamar yadda ake ambaton iyaye ko fiye. Malamai sun ce alamar hajji mabruri, wanda hadisi ya ce ba shi da sakamako sai Aljanna, ita ce halin mutum bayan dawowa ya fi na kafin tafiya, wannan kuwa matarsa ce za ta fara sani, sai yaron shagonsa, sai maƙwabcinsa, tun ba a gama wanke tukwanen walima ba.

Farilla sau ɗaya ce a rayuwa. Masu zuwa kowace shekara, musamman a kujerar da ba guminsu ba, alhali a unguwarsu akwai wanda ke kwance babu kuɗin magani, su tambayi malamansu wanne ya fi. Wanda bai sami iko ba kuwa ba a ɗora masa ba, aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana a fili take, kuma rashin zuwan Shehu bai rage masa daraja ba. Yana da kwanaki 10 na farkon Zulhajji, yana da azumin ranar Arfa da hadisi ya ce yana kankare zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a makonnin da suka rage kafin a fara jigilar alhazai jaridarka ta ware shafi inda malamai za su ɗauki ayyukan hajji ɗaya bayan ɗaya, su faɗi asalin kowanne da abin da ake so zuciya ta halarto a wurin, cikin Hausa mai sauƙi wadda jika zai iya karanta wa kakarsa. Ina kuma roƙon Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su ƙara zama guda a cikin bita domin wannan kaɗai, a yi shi da Fulatanci da sauran harsunanmu inda ake bukata, a kuma sa malamai mata su zauna da mata, domin Adda ba ta iya ɗaga hannu ta yi tambayarta a gaban taron maza ba, na kuma tabbata ba ita kaɗai ce ta koma gida da irinta ba. Ita dai ta fara zagayen neman yafiya, jiya ma ta tafi Nafada wurin kishiyarta ta da, wadda suka yi shekara 20 ba sa ga maciji. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a tare da sauran maniyyata, Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu.

Wassalamu alaikum.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Jekadafari, Gombe.